Gasar zane da ƙere-ƙeren 'yan firamare a Bauchi: inda aka yi ƙoƙari da inda ake buƙatar gyara

A ƙarshen zangon karatu na biyu wata makarantar firamare mai zaman kanta da ke cikin garin Bauchi ta shirya gasar zane-zane da ƙere-ƙeren hannu, ta gayyaci makarantun da ke maƙwabtaka da ita, har da na gwamnati, sannan ta karɓi kuɗin rajista daga hannun iyayen duk yaron da ya shiga. Tun da yake kuɗi aka biya, aka kuma yi alƙawarin samar da kayan aiki da alƙalanci na gaskiya da kyaututtuka, ya dace a auna wannan hidima kamar yadda ake auna kowace hidimar da mutum ya sa kuɗinsa a ciki. 'Yata tana cikin waɗanda suka fafata a rukunin 'yan aji huɗu zuwa shida, don haka a wurin na wuni tun daga buɗe taro da addu'a har zuwa rabon kyaututtuka.

Dalilin da ya sa na ɗauki gasar da muhimmanci shi ne halin da wannan darasi yake ciki a makarantunmu. Darasin al'adu da fasahar ƙirƙira yana cikin manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wato tsarin da dokar shekarar 2004 ta wajabta wa kowane yaro a ƙasar nan, amma a makarantu da dama malami yakan cika allo da bayani ne kawai, yara su kwafa, su haddace ma'anar launi da sunayen kayan zane, su rubuta jarrabawa su ci, ba tare da hannunsu ya taɓa yumɓu ko burushi ba. Duk makarantar da ta ware wuni guda domin yara su yi aikin da hannunsu ta cancanci yabo tun kafin a shiga maganar kurakuranta.

An raba gasar gida uku: zanen da ake yi nan take a gaban alƙalai, ƙere-ƙeren da su ma ake yi nan take, sai kuma aikin da yaro zai kammala a gida ya zo da shi.

Ɓangaren ƙere-ƙere shi ne ya fi kowanne tsari, kuma a nan ne kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Masu shirya gasar sun nemi yumɓu daga wurin masu ginin tukwane, an kwaɓa shi ya kwana, ba tsakuwa a ciki, an kuma lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu don kada ya bushe. An kawo kaba da aka rina da wadda ba a rina ba, da ƙananan ƙore, da zare da allura. Abin da ya fi burge ni shi ne an ɗauko wata dattijuwa mai saƙar faifai aka zaunar da ita kusa da yaran, ba ta saƙa wa kowa, sai dai idan yarinya ta rikice ta ce, "Iya, ta ina zan juya?" ta nuna mata da yatsa ta ƙyale ta. Na tsaya a kan wani yaro daga makarantar gwamnati yana gina asusu, ya murza yumɓu ya yi doguwar igiya, ya riƙa naɗa ta hawa-hawa yana shafe ciki da babban yatsa, yana tsoma hannu a ruwa lokaci zuwa lokaci, har ya rufe saman ya tsaga bakin da tsinken tsintsiya. Babu wanda ya ga wannan aiki da zai yi shakkar wanda ya yi shi. Yaran da suke riƙe da takardar naira 20 kullum, wadda ke ɗauke da hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya, ya kamata su san cewa wannan sana'a ta kai mai ita matsayin da ƙasa ta karrama ta, kuma wannan zama ya fi kowane bayanin allo nuna musu haka. Wajen sassaƙa ƙwarya kuwa an hana ƙananan yara riƙe wuƙa, an ba su alli da fenti, wanda hakan daidai ne.

A ɓangaren zane an ba da maudu'i ɗaya, wato garinmu da jiharmu, kuma zaɓin ya yi kyau domin yaro yana zana abin da idonsa ya sani. An ga Ƙofar Ran, an ga cunkoson Kasuwar Wunti da kekunan haya masu ƙafa uku, an ga giwayen Yankari da ruwan Wikki, wasu kuma sun gwada zana ginin kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa. An yi la'akari da iyayen da ba sa son 'ya'yansu su zana abu mai rai, aka bar ƙofa a buɗe ga mai son zana gini ko dagi ko irin zayyanar da ake yi wa allo, kuma ba a rage wa kowa maki saboda zaɓinsa ba. Wannan hikima ce da ta sa gidaje da yawa suka saki jiki suka bar yaransu suka shiga. Da na so a ce kafin ranar an ba yaran labarin tsofaffin zane-zanen da ke jikin duwatsun Geji da na Shira, da kuma Gidan Madaki na Kafin Madaki wanda shahararren maginin nan Babban Gwani ya gina, domin su fahimci cewa zane da ƙawata gini ba baƙin abubuwa ba ne a ƙasar Bauchi.

Kayan zanen dai ba su kai na ƙere-ƙeren ba. Takardar tana da kauri, ba ta yagewa idan an goge, amma fensiran kala na araha ne, da an fiƙe sai bakin ya karye, kuma abin fiƙewa ɗaya ne tak a kowane tebur, har yara suka riƙa jiran layi lokaci yana tafiya. Fentin ruwan ma ba shi da ƙarfi, jan yana fitowa kamar an wanke shi.

Babbar matsalar gasar tana cikin ɓangaren aikin gida, kuma ita ce ta sa na ga wajibi ne in yi wannan rubutu. Cikin ayyukan da aka jera akwai waɗanda duk mai ido ya san ba hannun ɗan shekara tara ba ne. Akwai hoton da aka yi da fentin mai, da inuwa da haske a inda ya dace, da rubutu a ƙasa mai irin lanƙwasar da masu rubuta allon shago suke yi. Akwai gidan kwali mai hawa biyu da aka yanka da ma'auni, har da wayar lantarki da ƙwan fitila a ciki. Wani malami daga cikin baƙi ya durƙusa ya tambayi yaron da sunansa ke jikin ɗaya daga cikin hotunan yadda ya haɗa launin sararin samaniya, yaron ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Duk da haka irin waɗannan ayyuka ne suka kwashe manyan kyaututtukan ɓangaren. Cutarwar da ke cikin wannan ta shafi yaron da ya zauna dare yana manna kwali da gam da hannunsa, wanda ya koma gida yana ganin ƙoƙarinsa bai da daraja, ta kuma shafi wanda aka ba kyautar, domin an koya masa a gaban jama'a cewa ana iya sayen yabo da kuɗin uba. Laifin iyaye ne da farko, amma masu shirya gasa ne suka buɗe ƙofar, kuma su ne suke da ikon rufe ta. Ko dai a soke wannan ɓangare gaba ɗaya, ko kuma a wajabta wa duk wanda ya kai matakin ƙarshe ya maimaita wani yanki na aikinsa a gaban alƙalai.

Alƙalancin kansa yana buƙatar a sake duba shi. Ba a sanar da ƙa'idojin ba da maki ba kafin a fara, kuma daga sakamakon an fahimci cewa tsabtar aiki aka fi fifitawa, ta yadda yaron da ya kwaikwayi hoton da ya saba gani a waya, ya cika kala bai tsallake layi ba, ya sha gaban wanda ya zana kasuwa da mutanenta daga tunaninsa ko da layukansa sun karkace. Sunan yaro da na makarantarsa suna rubuce ɓaro-ɓaro a gaban kowane aiki, alhali wasu daga cikin alƙalan malaman makarantar da ta shirya gasar ne. Ban ce an yi son kai ba, amma tsarin ya bar wurin zargi, kuma maganinsa mai sauƙi ne: a ba kowane aiki lamba a ɓoye suna, a kuma nemo alƙalai daga waje, ko daga malaman zane na manyan makarantun jihar ko daga masu sana'ar hannu na cikin gari.

Ta fuskar kula da yara an yi abin a yaba, domin an raba ruwan sha da abinci a kan kari, an tsaya an yi sallar azahar, malamai mata kuma suna tare da ƙananan yara ko'ina. Sai dai an makara wajen farawa saboda jiran manyan baƙi, jawabai suka yi tsawo, rumfunan da suka fi inuwa aka ba manya, masu ginin yumɓu kuma rana ta cim musu har aikin wasu ya fara tsagewa kafin alƙalai su iso.

Kowane yaro ya sami takardar shaidar halarta, abin da ya faranta ran waɗanda ba su ci komai ba. Kyaututtukan kuwa kwanukan abinci ne da jakunkuna, alhali akwatin fenti mai kyau da littafin zane su ne za su sa wanda ya yi nasara ya ci gaba da aikin a lokacin hutu. Wani abin da ya sosa mini rai shi ne yadda aka tara zane-zanen a ƙasa bayan an tashi, iska tana ɗaga su, ba a mayar wa masu su ba, ba a kuma ce za a rataye su a azuzuwa ba.

Idan an sake shiryawa baɗi zan sake biya wa 'yata kuɗin rajista, amma a ɓangarorin nan take kaɗai. Ga iyayen da suke da niyyar shigar da nasu, shawarata ita ce su sa wa yaro fensiran kala masu kyau da abin fiƙewa da hula a jakarsa, su tambayi ƙa'idojin ba da maki a rubuce tun ranar rajista, su kuma nemi a tabbatar musu cewa za a ba yaro aikinsa ya tafi da shi gida.