Kwantirolar da na kusa jefarwa, Mixxx ce ta raya ta

Duk mai sa kiɗa a gidan biki ya san irin kwantirolar nan mai araha, wato na'urar sarrafa kiɗan da ke kwamfuta, mai faranti biyu da feda (abin da ake ja don daidaita sauti) a tsakiya, wadda ko sunan kamfanin da ke jikinta ba kowa ke iya karantawa ba. Ita na saya, kuma wallahi ta sha mini kai. Manhajar saiti da ta zo da ita wani tebur ne cike da lambobi: tasha ta nawa, CC na nawa, sai wasu haruffa haɗe da alƙaluma irin na masu rubuta manhaja. Ni da sana'ata ita ce in tayar da mutane su taka rawa, ina ruwana da B0? Ba takardar bayani, ba wanda za ka tambaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne a wajen wata dina. Na rage sauti da linzamin kwamfuta saboda MC zai gabatar da iyayen amarya, alhali fedar da ke kan na'urar tana can sama inda na bar ta. Hannuna ya ɗan goge ta kawai, sai sautin ya yi tsalle ya koma ƙarshe. Sifiku suka yi wata ƙara, wani dattijo da ke riƙe da makirufo ya zabura, duk zauren ya juyo yana kallona. Uwar amarya ta aiko a ce mini, "Malam, don Allah a bi mu a hankali." Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Wanda ya tsara manhajar nan bai taɓa tsayawa gaban taro ba, na tabbata.

Wani abokin aiki ne ya ce in gwada Mixxx, wata manhajar haɗa kiɗa, tunda kyauta ce kuma tana tafiya a Windows da macOS da Linux. Ban sa rai ba. Cikin saitin kwantirola akwai wani sashe na koyarwa: ka zaɓi aikin da kake so, a ce ƙarfin sautin faranti na ɗaya, sai ta ce ka motsa abin da kake so ya riƙe shi. Ka ja feda, ta gane. Ka danna maɓalli, ta gane. Ashe duk lambobin nan da aka tsoratar da ni da su, na'urar ce da kanta take aiko su a duk motsi, ta tsarin MIDI, wato hanyar da na'urorin kiɗa ke aika saƙo, da ake amfani da shi tun 1983. Aikin manhaja ne ta saurara ta rubuta, ba nawa ba.

Sai kuma na ga zaɓin da suke kira Soft Takeover. In ka kunna shi, feda ba za ta karɓi iko ba sai ta iso daidai inda sautin yake a allon kwamfuta. Wato maganin abin da ya same ni a dinar nan akwati ɗaya ne da ake sa wa alama. Na daɗe ina kallonsa. Akwai kuma na juya feda in tana aiki a baibai, da na sanar da manhajar cewa wannan abin murɗawa ne mai juyawa ba iyaka. Haka ya kamata a yi kayan saiti: hannunka ya nuna, ita ta yi lissafin.

Amma fa har yanzu raina bai gama sanyi ba, kuma da masu ƙera na'urar nake. Fitilun maɓallan ba sa kamawa, domin kafin ka kunna fitila sai ka san saƙon da za a aika mata, su kuwa ba su buga jadawalin saƙonnin ba ko a shafinsu. A zauren da aka rage haske sai dai in laluba. Karce faranti, wato juya shi gaba da baya da hannu, shi ma sai an rubuta masa ƴan layuka da yaren manhaja na JavaScript, kuma in babu jadawalin nan mai rubutawar zai yi ta canka ne. Fedar saurin kiɗa kuwa matakai 128 kacal take aikowa, daga 0 zuwa 127, alhali na'urori masu kyau suna haɗa saƙo biyu su ba da 16,384. Shi ya sa daidaita waƙa biyu yake ba ni wahala, ko ta yi gaba kaɗan ko ta yi baya kaɗan.

Mixxx kam na ba ta hannu, ina aiki da ita a kowane biki yanzu. Na'urar kuwa, da zarar na tara kuɗi zan sauya ta da wadda sunanta ke cikin jerin waɗanda Mixxx ta riga ta sani, kuma sai na ga jadawalin MIDI ɗinta da idona kafin in biya.