Hattara: an damfare ni naira dubu 650 da sunan mashin ɗin shiga gona

Naira dubu 650, jama'a. Na rubuta na goge ya fi sau biyar, don kunya nake ji, amma baƙin cikin ya fi kunyar yawa. Kuɗin albasata ne na bana, wata huɗu ina ban-ruwa cikin sanyi, wani mara tsoron Allah ya lamushe su cikin kwana shida, ban ko taɓa ganin fuskarsa ba.

Kafin wani ya ce kwaɗayin araha ne ya ja ni, ya tsaya ya ji. Shekara 14 ina koyarwa. Ni ne nake hana mutanen gidanmu ba da lambar sirri ta katin banki a waya. Kuma farashin da muka daidaita, miliyan ɗaya da dubu 350, ba kuɗin banza ba ne da za a ce mai hankali ya kamata ya gane tarko ne. Da ce mini ya yi dubu 300, wallahi da ban ko amsa saƙonsa ba.

Ina zaune a unguwar Mabera cikin garin Sakkwato, gonata kuma tana fadama gaba da Kware. Daga gari zuwa Kware kwalta ce, hanyar Illela, babu matsala. Da ka sauka daga titi sai rairayi, da damina kuma laka. Boxer ɗina ya yi mini hidima, ba zan ci amanarsa ba, amma ba don wannan hanya aka yi shi ba. Sau biyu yana kayar da ni da buhun taki a baya, na biyun har sai da salansa ta ƙona mini ƙwauri. Shi ya sa na ƙudurta sayen irin dogon mashin ɗin nan da malaman gona da ma'aikatan rigakafi suke hawa, mai tayar gaba babba, mai madagadi can sama, wanda zai bi kwalta ya kuma ratsa yashi. Wata uku ina bincike. Na san Yamaha XTZ125 tayarsa ta gaba inci 21 ce, ta Honda XR150L inci 19. Na san Honda CRF250L giya shida gare shi, da lagireto, kuma ba kafireto yake amfani da shi ba, na'ura ce take fesa masa mai. Zuciyata tana kan CRF ɗin. Ba da ka na shiga ba, wannan nake so a gane.

A Facebook na ga tallarsa, ni da mai tallar muka koma WhatsApp. Mashin uku ya nuna, ya ce na wata ƙungiya ce da aikinta ya ƙare a Nijar, ana gwanjonsu, suna ajiye a Ƙonni. Na ce CRF nake so. Ga abin da ya ce mini, da muryarsa, da harshenmu na Sakkwato tsantsa, kuma saƙon yana nan a wayata:

"Malam, mi za ka yi da shi? In gona za ka, wanga mashin ya hi ƙarhinka. Dogo na, nauyi gare shi, ranar da ya lalace ba kowane bakanike ka taɓa shi ba. Ɗauki 150 ɗin, ko da ni ad da asara."

Ko da ni ad da asara. Wannan kalma ita ta cinye ni. Na saurari saƙon nan ya fi sau talatin tun ranar Lahadi. Mutum yana da damar sayar mini da mai tsada, ya ce a'a, ɗauki mai sauƙi. Wane ɓarawo ne zai rage wa kansa riba? Haka na tambayi kaina a lokacin, ina zaune bakin shagon wani abokina bayan sallar isha'i, har na miƙa masa wayar na ce ji mutumin kirki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shawarar tasa gaskiya ce. Wanda bai taɓa hawan dogon mashin ba, gara ya fara da wanda ƙafarsa za ta taɓa ƙasa, wanda in ya faɗi a rairayi zai iya ɗaga shi shi kaɗai. XR150L iska ce take sanyaya injinsa, giya biyar, kafireto ne irin wanda kowane bakaniken ƙauye zai kwance ya wanke. Na kai maganar wurin bakanikena, ya ce duk wanda ya gaya maka haka ya san mashin. To ya san mashin ɗin, ya yi amfani da saninsa ya yanke ni.

Dubu 180 da ya nema na takardu kuwa, a nan ne ya kamata in farka. A'a, na tsallake, ba ita ce ta farko ba. Ta farko dubu 400 ce, ranar Talata. Ko Laraba, zan duba rasit. Bakanikena dai ya ce mini, Malam ka je ka gani da idonka, Illela ba nisa. Na faɗa wa mutumin zan zo. Bai hana ni ba, ku lura, bai hana ni ba. Cewa ya yi bismilla, ranar Lahadi zai sa a tsallako da shi Illela in gwada da kaina, in bai yi mini ba a mayar mini da kuɗina. Sai dai akwai wani Alhaji daga Birnin Kabi da yake son shi ɗin, in ina so a riƙe mini sai in ba da kafin alƙalami. Kafin nan ya kira ni ta bidiyo, ya nuna mashin ɗin ja da fari, ya taka kik sau ɗaya ya tashi, ya murza totur ina jin ƙara. Hannunsa kawai na gani da agogo baƙi. Ban ga fuska ba, kuma ban tambaya ba, don idona yana kan taya. Na tura dubu 400.

Sai ranar Alhamis ya ce ba za a shigo da shi ba sai an biya kuɗin fito an yi takardu, dubu 180, za a cire daga cikin cikon. Na yi jim. Na ce ya turo mini lambar bodi da lambar inji. Ya turo hoton wuyan mashin, inda ake buga lambar, amma babban yatsansa ya rufe ƙarshenta. Lambar bodin irin waɗannan mashina harufa da alƙaluma 17 ce, ni na ƙirga 11 na ce ai kuskuren ɗaukar hoto ne. Na tura dubu 180. Asusun ma ba sunan na farko ba ne, ya ce na ƙanensa ne mai POS. Ranar Asabar da dare dubu 70, wai na direba da masu lodi, asusu na uku. 400, 180, 70. Dubu 650. Duk lokacin da zuciyata ta yi rawa sai in tuna ko da ni ad da asara, sai in ce mutumin da ya hana ni kashe kuɗi ba zai cuce ni ba.

Ranar Lahadi tun da hantsi ina tashar Illela. Har hular kwano sabuwa na saya, tana cikin ledarta, na ɗora ta a cinya ina zaune a bencin wani mai shayi. Ƙarfe goma ya ce suna bakin iyaka. Sha biyu ya ce layi ne. Bayan azahar waya ta daina shiga, hotonsa na WhatsApp ya ɓace. Na ci gaba da zama har la'asar sakaliya, duk dogon mashin da ya gifta sai in miƙe. Mai shayin ne ya dube ni ya ce, Malam wa kake jira haka? Da na ba shi labari bai ce komai ba, ya zuba mini shayi ya ƙi karɓar kuɗi. Na hau motar Sakkwato da hular a hannu. Har yau tana bayan ƙofa, ban cire ledar ba, kuma maiɗakina ba ta san adadin ba, ta dai san an samu matsala.

Daga baya ɗan yayana ya gano bidiyon nan, shi ɗin dai, har da baƙin agogon, a wani shafin daban da wata lambar daban. Ashe ba kiran kai tsaye ba ne, tsohon bidiyo ya kunna mini yana magana a kai. Na je banki, an ce kuɗin sun fita daga asusun tun ranar da suka shiga, in kawo takardar ƙara. Na kai ƙara, na ba da lambobin asusun uku, ina jira.

Hotunan hirarmu, rasit uku da saƙon muryar duk suna nan, zan ɗora su da zarar an ba ni izini, don an ce kada in fitar da lambobin yanzu. Masu cewa ƙirƙira na yi, ku yi haƙuri ku jira.

Kada ka tura ko sisi kan mashin da ba ka hau ba. Ka je da bakanikenka, ka shafa lambar bodi da ta inji da yatsanka, ka gwada su da takarda, sannan kuɗi. In aka ce wani Alhaji yana jira, a ba shi.

Shi kuma, in yana karanta wannan, na san yana da wata lambar: ban yafe ba. Dubu 650, kuɗin irin albasa da takin baɗi suna ciki. Gobe da asuba Boxer ɗin nan dai zan tura cikin rairayin Kware.