Ƙarin gona ko injin gyaran shinkafa, in an buɗe wa 'yar waje ƙofa?

Ɗan'uwa, tunda kuɗin na abu ɗaya ne, ƙarin gona ko injin gyaran shinkafa, sayi injin. Amma wanda ke haɗe da na cire tsakuwa, ba mai ɓare buntu kaɗai ba.

Duk ranar da gwamnati ta sassauta harajin shigo da shinkafa, shanshera, wato shinkafar da ba a ɓare ba, ita ce ke fara shan duka. 'Yar waje ta karya farashi a kasuwa, mai babban inji ya ce ba zai sayi shanshera da tsada ba, dillali ya zabtare nasa, asarar ta gangaro kan wanda ya riga ya kashe kuɗin taki da na ban ruwa. Haiti ta sauke harajin shinkafa zuwa kashi 3 cikin 100 a 1995, ta Amurka mai tallafin gwamnati ta cika ƙasar, manoman kwarin Artibonite suka durƙushe. Bill Clinton da kansa, wanda shi ne shugaban Amurka a 1995, ya amsa a 2010 cewa kuskure ne. Filifin ta cire ƙayyade adadin da ake shigowa da shi a 2019, ta mayar da shi harajin kashi 35 kan ta maƙwabtanta, farashin shanshera ya faɗi. Ka duba inda suka kai kuɗin rage raɗaɗi: a 2019 sun buɗe asusun peso biliyan 10 a shekara, suka ware rabinsa don injuna.

Nawa injin ƙarami ne, ba abin nunawa ba, amma ya fitar da ni kunya. Akwai wata hajiya mai dafa abincin sayarwa da ta rantse ba ta ƙara taɓa 'yar gida, wai ta gaji da tsinta da wanki, ga abokan ciniki na tauna tsakuwa suna zaginta. Na turara tawa da kyau, na shanya a kan tamfol ba a ƙasa ba, na bi ta injin, na ware tsakin gefe. Na kai mata na ce ta dafa tukun, kuɗi daga baya. Ta zuba a faranti tana ta yamutsawa da yatsa tana neman dutse, ba ta samu ba. Yanzu ita ke kirana kafin buhunta ya ƙare. Yawancin mutanen birni ba ƙin ta gida suke ba, wahalar gyara suke gudu, kuma a nan 'yar waje ta fi mu. Ga kuɗin gyara da maƙwabta ke biya ko farashi ya hau ko ya sauka, ga dusa ta masu kiwo.

Ƙarin gona kuwa, to, ƙasa ba ta ruɓewa. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Buhunan shanshera za ta ƙara maka, ka ɗauka ka kai wa mai yanka maka farashi. Kuma farashin ma ba a hannun gwamnatinka kaɗai yake ba: Indiya, mai kusan kashi 40 na shinkafar da ake fitarwa a duniya, ta hana fitar da farar da ba basmati ba a Yulin 2023 farashi ya tashi, ta janye a Satumbar 2024 ya sauko. In kana son ƙarin amfani, gyara iri da ruwa a gonar da kake da ita.

Sharaɗi ɗaya: in babu wuta ko mai da za ka iya jurewa, ko babu manoma kusa da za su kawo maka aiki, injin zai zama kayan ado.

Sai ka yi hattara da masu sayarwa. Suna shafe tsoho da fenti su ce sabo ne, su gwada maka da shinkafar da an riga an gyara. Je da buhunka mai datti, a kunna a gabanka, ka auna abin da ya shiga da wanda ya fito, ka ga yawan tsakin. Buɗe ka duba robar da rariyar, ka tabbatar ana samun kayan gyaransa. Wanda ya ce ka biya tukun kaya na kan hanya, bar masa abinsa.