Sake tura shafi ko tuntuɓar edita: wanne ya fi?

Ka miƙa adireshin shafinka ga kundin shafukan intanet irin Curlie, wanda ya gaji tsohon kundin DMOZ bayan an rufe DMOZ ɗin a 2017, amma shiru kake ji.

Sake turawa ta fi sauƙi, kuma ita ce mai illa. Editocin 'yan sa-kai ne. Idan suka ga an sake turo adireshi ɗaya a rukuni uku ko huɗu na kundin (wato sassan da aka kasa shafuka bisa batu), sai su ɗauke ka mai cusa talla, su watsar da shi gaba ɗaya.

Tuntuɓa kuwa sai da haƙuri. Bari aƙalla wata guda ya wuce, sannan ka aika gajeren saƙo ɗaya tak: adireshin, rukunin, da ranar da ka tura. Ban da ƙorafi, ban da tayin kuɗi. Kafin nan ma duba ko shafin yana buɗewa, domin ba sa karɓar wanda ba a kammala ba.