Tayar AT ta Hilux da Prado: wacce ke jure hanyoyin Katsina da Daura?

Idan tayoyin da mota ta zo da su suka suɗe, abin da ke fara jan idon mai Hilux ko Prado a shago shi ne zane. Da ya ga taya mai manyan haƙora sai ya ce ga wadda yake nema. Alhali abin da ke cin taya a arewacin Katsina daban ne. Daga Kaita zuwa Dankama, daga Daura zuwa Zango da Baure, ƙaya da kututture ne ke huda gefenta, yashi ya kafe mota, zafin kwaltar bazara kuma ya dafa robar. Taɓo yana nan, amma na 'yan watannin damina ne, kuma ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa yadda lakar wajen Funtua ke yi. Don haka ƙarfin gefen taya da shekarar da aka yi ta su ne abin dubawa na farko, zane ya biyo baya.

Wannan ya sa muke cire tayar MT, wato ta taɓo, daga lissafi tun da wuri. Tana kuka a kan kwalta, tana ƙara shan mai, birkinta ba ya kamawa sosai idan an yi yayyafi, a yashi kuma haƙa take yi maimakon ta hau kai. Wanda aikinsa ke cikin fadama duk damina ne kaɗai zai more ta. Saura duka, AT ce daidai da su, wato tayar da aka yi don kowace irin hanya, kwalta da daji.

Kafin a je ga sunan kamfani, a karanta rubutun da ke jikin tayar. Yawancin Hilux na baya-bayan nan da Prado 150 suna ɗaukar 265/65R17: faɗi milimita 265, tsayin gefe kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wili inci 17. Bayan wannan akwai lamba da harafi, misali 112S. Lambar 112 tana nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 1,120, harafin S kuma gudun kilomita 180 a awa. Idan ka ga LT a gaban lambobin, kamar LT265/65R17 120/117S, to tayar aiki ce, kowacce tana ɗaukar kilo 1,400. Masu shago kan ce mai fulai goma ce. Gaskiyar magana ba zare goma ne a cikinta ba, ma'aunin ƙarfi ne kawai: harafin C daidai yake da 6, D da 8, E da 10. Ainihin adadin zaren yana rubuce da ƙananan haruffa kusa da bakin wili. Ka sa yatsa ka goge ƙurar wurin, za ka ga inda aka rubuta SIDEWALL, sai 2 PLIES ko 3 PLIES. Wannan ɗan layin ya fi duk abin da mai shago zai faɗa maka amfani, domin shi ke gaya maka ko gefen zai tsaya wa ƙayar aduwa da bagaruwa, ko guntun karan dawa da aka sare a karkace bayan girbi.

BFGoodrich All-Terrain T/A KO2 ita ce wadda ake auna sauran da ita, kuma ta cancanci hakan. Ta fito a 2014. Abin da kake biya a kanta shi ne gefe: zare uku a yawancin girmanta, roba mai kauri, sannan haƙoran kafaɗa sun gangaro sun rufe daidai wurin da kututture ke soka. Sabuwarta tana da zurfin zane wajen milimita 12. A kan burji da marmara ba ta ɓantarewa da sauri, idan aka rage mata iska a yashi kuma gefen yana lanƙwasa ba tare da ya tsage ba. Motar da ke kai taki gona, ko ta ma'aikatan rigakafi da masu haƙar rijiyar burtsatse da ke shiga ƙauyukan Mashi da Mai'adua kullum, ita ta dace da ita.

Tana da nata aibin, kuma bai kamata a ɓoye ba. Nauyi gare ta; mai harafin E kan fi tayar da mota ta zo da ita da wajen kilo 5 kowace ɗaya, za ka ji haka a tashin mota da kuma a gidan mai. Idan bayan Hilux babu kaya, motar takan riƙa tsalle a kan gargada, shokozoba na shan wahala. Babban abin da muke jan kunne a kai shi ne jiƙaƙƙiyar kwalta: idan ta fara tsufa, riƙonta a ruwa yana raguwa, musamman a ruwan farko da ke haɗuwa da ƙura da baƙin mai ya zama santsi. Ga tsada. Kamfanin ya fito da KO3 a 2024 don ta gaje ta, saboda haka duk KO2 da ka samu a shago ka duba shekararta da kyau, wata ta daɗe a ajiye.

Falken Wildpeak A/T3W ta fi KO2 kama jiƙaƙƙiyar hanya, kuma an yi mata wasu zane-zane a ƙasan gefe don rage zafi. Sai dai tana zuwa iri biyu, mai LT da marar LT, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba ko da zanen ya yi kama. Matsalarta a nan ita ce samu. Idan ɗaya ta fashe maka a hanyar Kongolam, da wuya ka sami irinta ba ka aika Kano ba. Taya mai kyau da ba za ka iya samun 'yar'uwarta ba, wahala ce ka saya.

Wanda yawancin tafiyarsa Katsina zuwa Kano ce ko Kaduna, sai ranar Asabar ya leƙa gona, bai kamata ya ɗora wa kansa nauyin KO2 ba. Yokohama Geolandar A/T G015 ta fi masa: ba ta da ƙara, sitiyari yana laushi, tana tsayawa a ruwa, kuma burji ba ya ba ta tsoro. Dunlop Grandtrek AT20 da AT25 da Bridgestone Dueler A/T 693, waɗanda Toyota kan sako a sababbin motoci, suna ɗauke da sunan AT amma rabinsu tayar kwalta ce. Suna da daɗin tuƙi da sauƙin mai, gefensu kuwa siriri ne. Su ne ke sa mutum ya zama abokin mai faci da zarar ya fara shiga daji.

A tsakiya akwai Maxxis, kamfanin ƙasar Taiwan da ya daɗe a kasuwar Najeriya. Bravo AT-771 taya ce mai sauƙin hali da ta fi karkata ga kwalta, Razr AT811 kuma ta fi ƙarfi da zurfin zane. Ga mai son abu nagari ba tare da ya kai kuɗin BFGoodrich ba, nan muke fara nuna masa. Tayoyin China masu araha kuwa ba a yi musu kuɗin goro. Akwai na manyan masana'antu da ke aiki daidai kuɗinsu, akwai kuma waɗanda ba a san asalinsu ba, masu zane mai ban tsoro a kan gefe mai laushi. A kan irin waɗannan, karanta lambar lodi da adadin zare, ka kuma ga yadda za ta zauna a injin balansin. Sabuwar tayar da sai an jera mata dalma da yawa kafin ta daidaita, a mayar da ita.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a 2008, tayoyin motocinmu daga waje suke zuwa, wasu kuma sukan daɗe a hanya da ɗakin ajiya. A jikin kowace taya akwai layi da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne ranar haihuwarta: 1524 na nufin mako na 15 a shekarar 2024. Sau da yawa gefe ɗaya kawai ake bugawa, sai ka juya ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana lissafa shekara 4 daga wannan rana a matsayin wa'adin taya. Kamfanonin taya suna ba da lokaci fiye da haka, amma a garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, ga mota tana wuni a rana, mu mun fi yarda da ɗan gajeren lissafin. Kada ka karɓi sabuwar taya da ta haura shekara biyu a shago. Idan wurin lambobin ya yi ƙyalli ko ya nuna alamar an kankare an sake bugawa, ka bar ta. Duba huɗun duka ɗaya bayan ɗaya, domin akan nuna maka sabuwa a ɗaura maka tsofaffi.

Ka kuma shafa bakin tayar ta ciki, inda take kama wili. Wasu masu shigo da kaya suna cusa taya cikin taya har uku ko huɗu don su cika kwantena, wannan kuwa yana lanƙwasa wayar bakin. Irin wannan taya za ta riƙa sace iska a hankali, ko ta yi ƙari a gefe bayan 'yan makonni. Tayar Beljiyam ba ma sai an tsaya dogon bayani ba: an hana shigo da ita, ba ka san ramin da ta faɗa a can ba, wata ma ta ƙanƙara ce da aka yi robarta don sanyin Turai. Araha ba ta ado.

Maganar ƙara girma tana yawan tasowa. Daga 265/65R17 zuwa 265/70R17, tsayin taya yana tashi daga milimita 776 zuwa 803. Motar za ta ɗagu da milimita 13 kacal, allurar gudu za ta nuna 100 alhali kana kan 103, kuma a wasu motocin tayar takan goga madigadi idan an karya sitiyari har ƙarshe. Ana iya jure wannan. Abin da ya wuce haka yana kashe ƙarfin mota a yashi, yana ƙara wa birki da giya aiki. Wanda ya fi muni shi ne cire wili inci 17 a sa 20 don ado, gefen taya ya gajarce, ramin farko ya lotsa wilin. Sannan tayoyin su zama iri ɗaya, girma ɗaya, har da safaya. Prado kullum ƙafa huɗu take ja, bambancin tsayi tsakanin gaba da baya yana cin kayan cikinta a hankali. Hilux ma haka ne duk lokacin da aka sa fowil.

Taya mai tsada da iskar da ba daidai ba, asarar kuɗi ce. Akwai takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba da ta faɗi iskar da motar ke so, galibi wajen 30 a ma'aunin iska na psi idan babu lodi. Tayar LT tana bukatar ƙari a kan haka, tsakanin 35 da 40 a kwalta, a ƙara wa na baya idan an yi lodin buhuna. Lambar 80 da ke jikin mai harafin E iyakarta ce, ba abin da za a sa kullum ba. Masu faci da yawa sun saba da manyan motoci, sukan dura 55 ko 60, gejin wasu ma ya daina faɗin gaskiya, sai tsakiyar taya ya cinye kafaɗu suna nan sababbi. Sayi gejinka ka ajiye a mota. Auna da safe kafin a tashi. Bayan doguwar tafiya iskar takan hau da kamar 4, wannan daidai ne, kada a sace ta, in ba haka ba idan tayar ta huce za ta koma ƙasa da yadda ya kamata, ƙarancin iska da gudu da zafi kuwa su ne ke fasa taya.

A yashi mai zurfi, irin na busasshen rafi, rage zuwa 18 ko 20 kafin ka shiga, ba bayan ka kafe ba. Tayar za ta shimfiɗe ta ƙara tsawon inda take taka ƙasa. Kada gudu ya wuce kilomita 40 a awa, kada a karya sitiyari da ƙarfi, kuma ƙasa da 15 taya na iya zamewa daga wili. A burji 26 zuwa 28 ya isa. Da ka hau kwalta ka mayar da iskar, shi ya sa ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota ya zama dole ga mai shiga daji.

Ranar ɗauri a sa sababbin bawul, a yi balansin, a yi alaimen, a kuma ɗaure noti da hannu a gicciye maimakon yaro ya hau sifana yana tsalle, domin haka ake tsinke ƙarfen da noti ke hawa kansa. Bayan kilomita 100 a sake taɓa su. A riƙa juya tayoyin gaba da baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, saboda haƙoran AT kan ci a karkace su fara kuka idan an bar su wuri ɗaya. Hujin ƙaya ko ƙusa a tsakiyar zane, in bai wuce milimita 6 ba, a cire tayar a yi mata faci ta ciki. Igiyar da ake cusawa ta waje ta kai ka gari ce kawai. Gefen da ya tsage ko ya yi ƙari ba shi da gyara, ko da mai faci ya ce zai ɗinke ya sa tif, sai dai a sauke tayar. Iyakar da aka saba bayarwa ita ce zane ya sauka zuwa milimita 1.6, amma AT da ta kai 4 ta daina kama yashi da taɓo, sai a fara tanadin kuɗin wasu kafin ruwan Yuli ya sauka.