Ƙafar Ba'adara a kantunan takalman Liyon

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata man shafawar gwiwa yana nan tafe. Saƙonki na murya ya iso, na kuma ga hoton takalmin da kike so in sayo miki na bukin autarmu. Wallahi sai da na yi dariya har abokiyar aikina ta leƙo. Wannan mai tsinin kamar basilla, a yashin Tawa? Ai kafin ki kai ƙofar gidan buki kin yi wa unguwa rami-rami kamar mai shukar hatsi. Tunda ƙawayenki biyu ma sun yi mini irin wannan aike, bari in zuba bayanin a nan kowa ta karanta.

Kin san aikina a nan Liyon ta ƙasar Faransa a gidan kula da tsofaffi ne, daga safe zuwa yamma a tsaye, ga hawan bene, ga saurin tarar metro, jirgin ƙasa na cikin gari. Sanyin farko da na yi a Liyon na shiga wani kanti na ɗauki sau-ciki baƙi mai sheƙi, yuro 25, ina murna na yi tsintuwa. Kwana uku ya yi mini bororo a dunduniya, ƙaramin yatsa kuwa kamar an matse shi da awartaki. Haka na riƙa ɗingishi ina tura keken tsohuwar da ta haura shekara 90, ita ce ma take yi mini sannu. Araha ba ta ado, na ji a jikina.

Na daɗe ina zaton laifin lamba ne, ashe ba haka ba. Lambarsu irin tamu ce, 39 ɗinki na Tawa shi ne 39 a nan, kuma tsakanin lamba da lamba kashi biyu cikin uku na santimita ne kacal. Amma tsawo kaɗai lamba ke faɗa, ba ruwanta da faɗi. Mu kuwa da muka tashi cikin fade da silifa, wani lokaci ma ƙafa ba komai, yatsunmu sun baje sun sha iska. Yawancin takalman gayun nan a kan siririyar ƙafa aka ƙera su, wadda ta saba zama a ɗaure tun tana ƙarama. In kika ƙara lamba don gaba ya sake, sai baya ya riƙa cirewa kina ja kamar kin aro na maigida. Wata dattijuwa mai sayarwa ce ta fid da ni. Ta dubi ƙafata ta ce in riƙa neman na Jamus, irin su Gabor da Ara, saboda suna rubuta harafin faɗi: F na siririya, G ya ɗan sake, H na masu ƙafa irin tamu. Ran da na zura H na ji kamar an kwance ni daga mari.

Akwai abu ɗaya da nake yaba musu. Doka ta sa kowane takalmi ya zo da ƴar alama mai nuna abin da aka yi samansa, da cikinsa, da ƙasansa. Hoton fata a shimfiɗe, fata ce ta gaske. Hoton saƙa, yadi ne. In kin ga ɗan lu'u-lu'u mai kusurwa huɗu shi kaɗai, roba ce da danginta, komai sheƙinta. Ki tuna yadda muke yi a Babbar Kasuwar Yamai, a shinshina, a karta da farce, mai kaya yana rantsuwa da iyayensa cewa fatar Italiya ce. Nan kifa takalmin kawai za ki yi ki karanta. Wannan alamar tana jikin da yawa daga na gwanjo da ke isowa gida, ki riƙa dubawa.

Kuɗi kuwa, kada a ruɗe ku. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, to takalmin fata mai daɗin tafiya da na saya yuro 120 ya doshi jika 79. Ba ciniki, ba "rage mini don Allah", ba albarka. Abin da ke rubuce shi za ki biya, mai kanti ma ba ta san ana tayi ba. Sauƙin da ake samu sai lokacin karya farashi, sau biyu a shekara, cikin Janairu da kuma ƙarshen Yuni zuwa Yuli, mako huɗu-huɗu. Sai dai lambobin tsakiya, 38 da 39, su ake fara wawashewa, wadda ta makara ta tarar da 36 da 42 suna kallonta.

Saye ta intanet ya fi yawan zaɓi, kuma doka ta ba mai saye kwana 14 ya mayar in bai yi masa ba. Ni kaina nakan yi odar lamba biyu, in gwada a kan darduma don kada ƙasan ya karce, in mayar da guda. Amma ki lura, wannan gatan nawa ne da nake nan. In takalmi ya hau jirgi ya sauka Yamai, ya shiga mota ya yi tafiyar fiye da kilomita 500 zuwa Tawa, sannan ya matse ki, to sai dai ki ba ƴarki ko ki ajiye shi ado a kabad. Shi ya sa nake jan ƙafa da aiken takalmi. Zuwa da kai ya fi aike, balle a abin da ƙafa ce ke yanke hukunci.

Wata Asabar mun je Romans, wani gari kudu da Liyon kusa da Balans, wanda a da shi ne cibiyar takalman gayu na Faransa. Manyan masana'antun sun rufe, saura ƙananan wuraren ɗinki, da kantunan rangwame, da gidan tarihi na takalma zalla. A can na ga abin da ya tsaya mini a rai: takalman fata na ƙasashe daban-daban a cikin gilashi, mutane na biyan kuɗi su kalla, wasu kuwa ba su fi wanda Inna ke sawa zuwa gidan suna kyau ba.

A nan zancen yake, Yaya. Abin da kuke da shi a banza, nan sai mai hannu da shuni. Ki je wurin baduku a Tawa, ko rumfunan masu sana'ar hannu na Wadata in kina Yamai, ki taka kwali ya zagaye ƙafarki da biro, ya tambaye ki ko igiyar ta matse, ya sassauta, ya sa miki jan da kore daidai launin shaddarki. Fatar jar akuyar Maradi da ake yabo har ƙasashen waje tana hannunsa. Nan in kika ce a ɗinka miki takalmi a kan ƙafarki, kuɗin ya sayi babur ya yi saura. Inda suka fi mu shi ne ƙasan takalmin. Namu shafal yake kamar faifai, ga tauri, bayan awa biyu a tsaye dunduniya ta fara zogi. Su kuwa sun yi nazarin tafin ƙafa: tudu kaɗan a inda ƙafa ta lotsa, gurbi na dunduniya, da abu mai laushi da ke shanye nauyi. Birkenstock na Jamus da ɓawon itace mai taushi suke yin nasu, Mephisto na Faransa ma sun yi suna a wannan fanni. Sai dai wasunsu, gaskiya, ba ki shiga taron buki da su, sai a ce kin aro na malamar likita.

Wanda ya haɗa biyun, a ganina, shi ne mai dunduniya mai faɗi, tsawon santimita 3 zuwa 4, gaba a zagaye ko a buɗe, da maɗauri a idon sawu. Yana ɗaga zane daga ƙasa, ba ya nutsewa a yashi, kina iya hawa kabu-kabu da shi, ga lalle a fili. Ni nan wata shida lallena ba mai gani sai safa.

Wani gargaɗi kuma ga masu ɓoyon kaya: irin ƙasan nan mai laushi kamar soso ba ya son ajiya. In ya shekara da shekaru a akwati yana jiran buki, zafi da laimar damina na cinye shi, ran da kika sa sai ya ruguje kamar busasshen ƙuli-ƙuli a tsakiyar mutane. A sa shi, a tattaka shi, ya fi daɗewa.

Gyara ma sai da lissafi. Mai gyaran takalmin unguwarmu sai ya ba ni resi ya ce in dawo bayan mako guda, kuɗin canjin dunduniya kuwa ya sayi sabon fade biyu a gida. Tun ƙarshen 2023 akwai wani tallafi da ake cirewa daga kuɗin gyara, yuro 7 a kan dunduniya, don mutane su rage zubar da kaya, amma sai a wurin masu gyaran da suka yi rajista. Na tuna tsohon nan na bakin tasha da ke ɗinke silifa kina tsaye da ƙafa ɗaya, ki ba shi dala ashirin ya yi miki addu'a.

To ga abin da za ki yi. Da la'asar sakaliya, lokacin da ƙafa ta gama kumbura, ki taka farar takarda kina tsaye, wani ya zagaye miki duka biyun, don ɗaya kan fi ɗaya. Ki auna tsawo, ki kuma zagaya wurin da ya fi faɗi da awon tela, ki turo mini da santimita. Sannan ki ɗauki zanen ƙafata da na haɗo a hoto na biyu ki kai wa badukun Inna, ya yi mini guda ja mai kore, amma kada ya sa masa ƙasa, zan kai a liƙa masa na roba mai laushi a nan. Wata ƴar Konni za ta taso ƙarshen wata, ki ba ta.