Gidan naman kosher a Burukulin: nama ya yi daɗi, amma sun kunyata ni a gaban baƙona

Maigidana a wurin aiki Bayahude ne, kakanninsa mutanen Halab ta Siriya. Ya tsaya min lokacin da nake cikin matsi, sai na ce bari in kai shi cin abinci in yi godiya. Sharaɗi ɗaya ya kafa min: naman shanu sai na Beit Yosef, glatt kaɗai bai wadatar da shi ba. Waɗannan matakai biyu ne na kosher, wato abincin da addinin Yahudawa ya halatta, kuma Beit Yosef ya fi tsauri. Na buga waya wani gidan nama da ke wajen titin Kings Highway a Burukulin ta birnin New York, yarinyar da ta ɗauka ta ce min akwai, ko ɗar ba ta yi ba.

Su a wurinsu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Bayan yanka sai an duba huhun saniyar. A glatt ɗin da aka saba sayarwa a Amurka, idan aka ga ɗan tantani manne da huhu kuma ya saɓule cikin sauƙi, ana barin naman ya wuce. Masu cin Beit Yosef kuwa, mabiya hukuncin Rabbi Yosef Karo, malaminsu da ya rasu a garin Safad a 1575, ba sa karɓar ko ɗaya. Shi ya sa naman ke wuyar samu, ga tsada.

Muna isa, maigidan nawa ko zama bai yi ba ya tsaya karanta takardar shaidar kosher da ke bakin ƙofa, sannan ya nemi a kira masa mai sa ido a kicin. Wani dattijo ya fito yana goge hannu, ya gaya masa gaskiya: naman glatt ne, ba Beit Yosef ba. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Baƙon nawa, bawan Allah, ya yi murmushi, ya ce a kawo masa kaza. Ni da na gayyato shi ina gaban haƙarƙari, kowace loma da ƙyar take wucewa.

Haƙarƙarin dai ya gasu, ya yi laushi, gishirin da suke fitar da jini da shi ya ratsa shi. Dattijon kuma ya burge ni, don da ya gane ni Musulmi ne da kansa ya nuna min miyar da aka zuba wa giyar inabi, tunda kosher ba ta hana ta ba. Saboda shi har na fara hucewa.

Amma da na yi wa manajan ƙorafi, budar bakinsa sai ya ce ai duk kosher ne. Ko haƙuri bai ba ni ba, ga kuɗi an caje ni har na ji a jikina. Tauraro biyu na ba su, su ma albarkacin dattijon ne. Baƙo kuwa ba zan sake kai musu ba.